Yadda muka samo wa kantin unguwarmu mazauni a Bronx

Ba wanda ya sanar da mu cewa babban kantin da ke bakin titinmu zai rufe. Na sauko daga jirgin ƙasa wata yamma a farkon 2021 da niyyar sayen alayyafo da tumatir, na tarar an manne gilasansa da takarda, fitilu a kashe. Abin da ya rage mana shi ne bodega, ƙananan shagunan kwana da 'yan Dominika da 'yan Yaman ke riƙe da su. Ba ni da abin faɗa a kansu, su ne za su sayar maka da madara ƙarfe sha biyun dare, wani ma ya ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. Amma kayan miyarsu bai wuce albasa da ayaba da tumatir huɗu da suka gaji da zama ba. Shagunan 'yan uwanmu na Afirka kuwa, gari da manja da daddawa da busasshen kifi ne hajarsu. Mai son ganye ɗanye da nama mai kyau da kayan yara a wuri guda, sai ya hau bas biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hunts Point. Nan cikin Bronx take, kasuwar sari ce da ke ciyar da birnin Niyok, har kasuwar kifi ta Fulton can aka mayar da ita a 2005. Manyan motocinta ta unguwanninmu suke bi da asuba, mu sha hayaƙinsu, kayan su wuce Manhattan.

A wurin adashinmu na mata maganar ta taso. Uwar adashin, wata Hajiya 'yar Nima ta Ankara a Gana da ta shekara talatin a ƙasar nan, ta ce da kuɗin da muke zubawa shekara da shekaru kanti muka kafa da su, da yanzu jikokinmu na cin moriya. Dariya aka yi. Bayan mako biyu ta kai maganar gaban liman, aka kira taro a ɗakin ƙasa na masallaci bayan isha'i. Aka naɗa ni magatakarda don aikina lissafin kuɗi ne a wani gidan renon yara, kuma wai ba na tsoron takarda. A lokacin ban san irin takardun da ke jira na ba.

Rajista ba ta ba mu wuya ba. Jihar Niyok tana da dokar ƙungiyoyin gama kai, aka cike takardu aka aika Albany, babban birnin jihar. Wasu ɗaliban lauya da malaminsu suka rubuta mana tsarin mulki kyauta: hannun jari dala 100, ana iya biya kashi-kashi, kuma kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi ko nawa ya zuba. Muka je Brooklyn muka ga kantin gama kai na Park Slope, wanda ke nan tun 1973. Can sai mamba ke sayayya, kuma kowane mamba sai ya yi aikin awa biyu da minti arba'in da biyar idan layinsa ya zo. Ya burge mu, amma a cikin jirgin dawowa muka yanke cewa namu na kowa ne. Matar da ke aikin kula da tsofaffi dare da rana ba ta da awa ukun da za ta ba kanti kafin a bar ta ta sayi shinkafa.

Wurin da za a kafa kantin shi ne ya cinye mana kusan shekara biyu.

Na farko da muka gani tsohon shagon kujeru ne, ƙafa murabba'i dubu huɗu da ɗoriya. Har mun biya mai zanen gini ya auna mana shi kafin 'yar ƙanwar liman ta ji labari. Haifaffiyar nan ce, ilimin tsara birane ta karanta, Hausarta irin ta yaran nan mai tsalle-tsalle. Ta zo gidana da kwamfutarta, ta buɗe taswirar birni da ake kira ZoLa, ta ce, "Anti, kun duba zonin kafin ku biya?" Na ce mene ne zonin?

Daren nan na koyi cewa duk wani fili a Niyok yana ɗauke da harafi da lamba. R na gidajen zama ne, C na kasuwanci, M na masana'antu. Tun 1916 birnin yake da irin wannan doka, wadda ake aiki da ita yanzu ta 1961 ce da aka yi ta yi wa kwaskwarima. Dokar ce ke faɗin abin da za a yi a fili, da yawan daɓen da za a iya ginawa a kansa. Idan filinka ƙafa 10,000 ne kuma doka ta ba ka ninki huɗu, to jimillar benayenka ba za ta wuce ƙafa 40,000 ba, ko kana da kuɗin Ƙaruna. Ni da na taso a Zariya, inda in ka sayi fili sai ka gina abin da aljihunka ya ba ka, maƙwabci ya zo ya yi maka Allah sanya alheri, sai na ga abin kamar an shiga haƙƙin mutane. Daga baya na gane cewa cikin wannan ƙuntatawar ne ɗan abin da za mu riƙe yake.

Ta nuna mini wani shiri da ake kira FRESH. An kafa shi a 2009 zamanin magajin gari Bloomberg, bayan wani bincike na hukumar tsara birni a 2008 ya nuna cewa mutum wajen miliyan uku na zaune a unguwannin da ke ƙarancin kantunan abinci. A ƙarshen 2021 aka faɗaɗa shi zuwa ƙarin unguwanni. Titinmu yana cikin iyakarsa. Washegari na kira Hajiya ina murna, na ce gwamnati na da tallafi don irinmu. Har an fara lissafin nawa za a ba mu.

Ko sisi ba a bayarwa. Na ji kunyar komawa in warware maganar. Abin da ɓangaren zonin na shirin yake yi shi ne sassauta wa mai gini doka. Idan ya keɓe ƙasan gininsa don cikakken kantin abinci, duk ƙafa ɗaya ta kantin ana ba shi damar ƙara ƙafa ɗaya ta gidajen haya a sama, har zuwa ƙafa 20,000. Ana rage masa yawan wurin ajiye motoci da doka ta wajabta. A yankunan ƙananan masana'antu kuma ana barin kanti ya kai ƙafa 30,000 ba tare da neman izini na musamman ba. Sharaɗin shi ne filin sayar da kaya kada ya gaza ƙafa 6,000, a ba abinci mai saurin lalacewa kaso mai tsoka, kuma aƙalla ƙafa 500 na kayan ɗanye ne. Shagon kujerunmu bai ma kai ma'auni ba. Kuɗin awon nan sun tafi ke nan, kuma ni na sa hannu a cakin.

Na daɗe ina juya wannan tsari a raina, kuma har yau ina ganin da manyan 'yan kasuwar gine-gine aka ɗinka rigar. Mai fili da mai bashin banki su ke cin ribar sassaucin kai tsaye. Dokar ba ta tambayar wa ya mallaki kantin, na jama'ar unguwa ne ko reshe na ɗari na wani kamfani, duk ɗaya ne a wurinta. Wani dattijo ɗan Maraɗi, direban tasi, ya ce a taro mu bar wannan hanya, kura ce da fatar akuya. Shi ne kuma ya kawo mana labarin Greensboro a Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa kuma ƙaninsa ke zaune: jama'ar wata unguwa sun yi shekaru suna fafutuka, suka buɗe kantin gama kai na Renaissance a 2016, ya rufe a farkon 2019 don ciniki bai riƙe shi ba. Ɗakin ya yi tsit. Wani matashi ya ce ai na Dayton a Ohayo, Gem City Market, ya buɗe a 2021 kuma ma'aikata da masu saye ne suka mallake shi. Dattijon ya ce a bari ya shekara biyar tukuna.

Wuri na biyu garejin gyaran motoci ne a yankin M. Doka ta yarda, girma ya isa, amma rufin yana yoyo kuma ƙasan ta sha baƙin mai na shekara arba'in. Ba mu daɗe a kansa ba.

Na uku ta hannun wata ma'aikaciya a ofishin kansilanmu ya zo. Ta ce akwai mai ginin da ke shirin ɗora gidajen haya masu rangwame a wani fili kusa da tashar jirgi, yana son ƙarin daɓen FRESH, kamfanin kantunan da yake zawarci kuma ya janye don wurin ya yi masa kaɗan. Kafin mu je, yarinyar nan ta zaunar da mu biyar ta karanta mana wani layi a dokar. Takardar neman shaidar FRESH ba ta cika sai an haɗa da yarjejeniyar haya da aka sa wa hannu, ko rubutaccen alkawari daga wanda zai gudanar da kantin. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan ambulan: kanti mai ƙafa 8,000 yana nufin ƙarin ƙafa 8,000 a sama, gidaje wajen goma ke nan da zai riƙa karɓar hayarsu muddin ginin na tsaye. Ta dubi Hajiya ta ce, "Kaka, don Allah in kun shiga kar ku zauna kamar masu roƙo. Sa hannunku yake nema."

Da wuya Bahaushe ya shiga ofishin mai kuɗi bai rusuna ba, balle mata. Zama na farko ma'ajinmu ya yi ta godiya tun ba a ba mu komai ba, sai da na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Mai ginin bai ɓoye damuwarsa ba. Bankinsa na son ɗan haya mai tarihi, mu kuwa ba mu taɓa sayar da ko ƙwayar attarugu ba. Ya nemi lissafin shekara biyar, da shaidar kuɗi a asusu, da sunan wanda zai riƙe kantin. Buƙata ta ƙarshen nan ta yi mana amfani ƙwarai, domin ita ta tilasta mana nemo wani ɗan Gambiya da ya shekara goma sha biyu yana manajan sashen kayan gwari a wani babban kanti. Shi ya fara gaya mana gaskiyar da ba mu so ji ba, cewa ribar kantin abinci a ƙasar nan 'yar ƙanƙanuwa ce, kwabo ɗaya ko biyu a kan kowace dala, kuma latas ba ya jiran kowa.

Zama shida muka yi cikin wata huɗu. A na huɗu Hajiya ta ajiye ambulan ɗin nan a gabansa ba ta ce uffan ba. Ya karanta, ya yi dariya, ya tambayi wa ya koya mana. Abin da muka tashi da shi: haya ta shekara ashirin, an rage kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fara yankawa, wata shida na farko kyauta, shi zai jawo wutar da za ta ɗauki firji da injinan sanyi, kuma ba zai ba wani kantin kayan dala ɗaya shago a ginin ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe daga birnin Tulsa na jihar Oklahoma muka aro shi, inda a 2018 majalisar birni ta hana buɗe irin waɗannan kantuna kusa da juna a arewacin garin. Mu ba mu da ikon kafa doka, sai muka sa shi a takardar haya.

Sai kuma muka sake yin kuskure, namu na kanmu. A zanen farko mun ware ofis, da ɗakin ajiya, da ɗakin sanyi, da wani ɗaki da muke so ya zama wurin taro da salla. Mun ɗauka duk suna cikin lissafi. Lauyan mai ginin ya duba ya ce filin da mai saye ke takawa da kantocin kaya kaɗai ake ƙirgawa, kuma da wannan zane mun faɗo ƙasa da 6,000. Aka sake zane. Ajiya da ofis suka gangara ɗakin ƙasa, ɗakin taro ya tafi gaba ɗaya. Mata sun ji zafin wannan, don da yawansu ɗakin ne ya sa suka sayi hannun jari. Ga kuma ƙa'idar cewa babban ɓangare na fuskar kantin gilashi ne, don mai wucewa ya ga ciki, wanda ke nufin bango guda ba za a jingina masa kanta ba. Manajanmu ya ce a jera kayan marmari a nan, launinsu ya yi mana talla.

Da takardu suka shiga hukumar tsara birni, doka ta ce a miƙa wa majalisar unguwa kwafi, tana da kwana 45 ta faɗi ra'ayinta. Irin waɗannan majalisu 59 ne a birnin, 12 a Bronx, mambobinsu 'yan sa kai ne da shugaban gunduma ke naɗawa, kuma shawara kawai suke bayarwa. Duk da haka ba mai ginin da ke son su juya masa baya. Sau biyu muka bayyana, gaban kwamitin filaye sannan gaban majalisar duka. Mun cika ɗakin, mata da mayafai, 'yan tasi sun ajiye aiki, maƙwabtanmu 'yan Dominika da baƙaƙen Amurka da suka sayi jari su ma sun zo. Minti biyu ake ba kowa, akwai mai riƙe da agogo. Na kwana uku ina haddace nawa.

Tambayoyin farko na motocin sauke kaya ne, da shara, da ɓeraye, da ko za mu karɓi katin tallafin abinci na SNAP. Duk mun shirya musu. Sai wata tsohuwa 'yar Puerto Rico, mamba a majalisar, ta jawo makirufo ta ce tana da tambaya ɗaya: za a sayar da naman alade?

Mun riga mun yi wannan rigima a cikin gida, har ta kusa raba mu. Giya da tikitin caca ba su sha gardama ba, kowa ya yarda a bar su. Alade kuwa, mambobinmu da ba Musulmi ba sun ce kanti na unguwa ne, unguwa kuma tana ci. Liman ya ce ba zai iya ce wa mutane su zuba dukiyarsu a abin da za a raba musu ribarsa ba. Aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a'a suka rinjaya, aka rubuta cewa sai da kashi biyu cikin uku za a sauya. Lauyoyinmu sun duba, dokar shirin nama da kaji da kifi ta ambata, ba ta ware wata dabba ba. Na tashi na faɗa mata haka, ban yi kwana-kwana ba. Ta ce shekara hamsin tana gasa cinyar alade ranar Kirsimeti a wannan unguwa, yanzu za a ba mai gini ƙarin benaye da sunan ciyar da ita, amma ita sai ta hau bas. Ban sami amsa ba. A raina na san ƙorafinta na da tushe, don bas ɗin da take magana shi ne ya tayar da mu tun farko. Wata mambarmu 'yar Dominika ce ta miƙe ta yi mata magana da Sifaniyanci, ta ce ita ma tana ci, ta kuma sha kaye a ƙuri'a, amma ta gwammace kantin da take da ƙuri'a a cikinsa, ta gayyace ta ta sayi jari su ƙaru. Majalisa ta goyi baya, mutum huɗu suka ƙi, tsohuwar na cikinsu. Har yau ba ta sayi jarin ba, amma muna gaisawa a tasha.

Kuɗin gyaran ciki wani dogon labari ne da ba zan buɗe shi duka ba. Firji da kantoci da injinan lissafi sun fi ƙarfin jarin dala ɗari-ɗari. Da yawa daga cikinmu ba sa son bashi mai ruwa, don haka muka buɗe rancen mambobi marar ruwa na shekara bakwai, adashin mata ya ba da kwasa biyu cur. Shirin FRESH yana da ƙofa ta biyu, ta sassaucin haraji, a ƙarƙashin hukumar bunƙasa tattalin arzikin birni, da takardunta daban. Abin da ya ja mu can shi ne yafe harajin sayayya, wanda a Niyok kashi 8.875 cikin ɗari ne, a kan kayan gini da na'urori. A kan injin sanyi guda ma wannan kuɗi ne na gaske. Lasisin sayar da abinci na ma'aikatar gona ta jiha, da izinin karɓar SNAP daga gwamnatin tarayya, waɗannan sai an kusa buɗewa.

Shaidar ta fito da sa hannun shugaban hukumar tsara birni, da sunan mai ginin a kanta. Tare da ita aka yi rajistar wani alkawari a kan filin kansa, wanda ke bin ginin ko an sayar da shi: wurin nan na kantin abinci ne, ba a mayar da shi banki ko wurin motsa jiki sai an koma gaban hukuma. Na karanta takardar sau uku ina neman inda aka ce mu ne za mu zauna a ciki. Babu. Idan muka kasa biyan haya, mai ginin zai kawo wani ya ci gaba da sayar da abinci, gidajensa goma na nan daram, unguwa ba ta rasa kanti ba, mu ne za mu rasa jarinmu. Na karanta wa mambobi wannan a taron shekara ba tare da na sassauta ba. Dattijon nan ɗan Maraɗi ya gyaɗa kai, ya ce aƙalla yanzu an san inda ramin yake. A daren ya ƙara rancen dala 500.

Watan jiya aka ba mu hular kwano muka shiga ƙasan ginin. Siminti ne tsirara da ginshiƙai, wayoyi na reto, sama ana ta buga ƙarfe. Manaja ya zo da tef da alli ya shata inda ƙafa 500 na kayan ɗanye za su zauna, sannan ya ƙara wasu 300 don ya ce 500 ba za su ishi unguwar da ke cin ganye kamar tamu ba. Hajiya ba ta yarda da tef ba, ta tattare zaninta ta auna da tafin ƙafa daga ginshiƙi zuwa taga. Ta ce kuɓewa da yalo da alayyafo a bakin ƙofa za a sa su. 'Yar Dominikan nan ta ce a'a, bakin ƙofa na agada da rogo ne, su ne za su jawo mutanenta. Suna cikin wannan mai kula da aikin ya zo ya ce mu matsa, za a shigo da bututu. Na tambaye shi yaushe za a ba mu makulli, don daga ranar ne wata shidanmu na kyauta zai fara ƙirguwa. Ya ce in an gama wuta, wataƙila bayan babbar salla. Na rubuta a littafina.